Ya ajiye kwalba amma fargaba ta ƙaru: kotisol hawa yake yi ko sauka?

Mai_Neman_Sani:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga likitoci da ma'aikatan jinya da duk wanda ya karanci harkar. Ana cewa giya tana kwantar da hankali, shi ya sa mai damuwa yake gudu wajenta. To amma wanda ya daɗe yana sha, ranar da ya daina sai ka ga zuciyarsa na dukan uku-uku, ba barci, abu kaɗan ya harzuƙa. Wasu har wata biyu ko uku ba su dawo daidai ba. Wasu na cewa kotisol, wanda ake ce wa sinadarin damuwa, shi ne ya yi yawa a jikinsu, wasu na cewa a'a, ƙasa ya yi. Wanne ne gaskiya? Kuma wata nawa jiki ke ɗauka kafin ya daidaita?

Dakta_Homon:
Wa alaikumus salam. Duka ɓangarorin biyu suna da gaskiya, lokacin da kowa ya auna ne ya bambanta. Bari mu fara da jikin mai lafiya, don in ba a gane shi ba sauran maganar ba za ta zauna ba.

Tasha uku ce. Ta farko tana ƙasan ƙwaƙwalwa, wani ɗan wuri da ake kira haifotalamus. Idan mutum ya tsorata, ko ya ji ciwo, ko sukarin jininsa ya faɗi, wurin nan yakan saki sinadarin CRH. Shi CRH ba ya tafiya da nisa, yana gangarawa ne zuwa fituwitari, wata 'yar ƙwaya da girmanta bai wuce santimita ɗaya ba, ita kuma ta zuba ACTH cikin jini. ACTH ya bi jini har zuwa adrinal, 'yan glan biyu da ke zaune a kan ƙoda kamar hula, su ne masu fitar da kotisol. Aikin kotisol shi ne ɗaga sukari, riƙe ƙarfin jini, da danne kumburi. Da zarar ya yi yawa sai ya koma sama ya dakatar da tasha ta ɗaya da ta biyu. Wannan shi ne birkin tsarin. Kuma yana bin agogo: ya fi yawa minti 30 zuwa 45 bayan farkawa da safe, ya yi ta sauka, ya kai ƙasa sosai wajen tsakar dare.

Shan da ya kai ga maye yana tayar da tsarin nan, kotisol ya hau, alhali mai shan yana jin jikinsa ya saki. Sakin jikin daga wani wuri yake zuwa, daga sinadarin GABA mai rage gudun ƙwaƙwalwa. Idan aka maimaita haka kullum shekara da shekaru, kotisol ya daina sauka da dare yadda ya kamata, birkin ya cinye. A kwanakin farko na dainawa yana hawa fiye da kowane lokaci. Bayan kamar mako ɗaya zuwa huɗu adadin da agogonsa suna komawa kusa da daidai. Amma tsugune ba ta ƙare ba: idan aka tsorata mutumin ko aka matsa masa a wannan lokacin, hawan da kotisol ya kamata ya yi ba ya yi, ko ya yi ɗan kaɗan. Wannan dakushewar ita ce ke ɗaukar makonni, wani lokaci watanni.

Sista_Jinya:
Dakta ya yi bayani, amma kafin a yi nisa ina so duk mai karantawa ya riƙe wannan: wanda yake sha da yawa kullum kada ya yanke a dare ɗaya shi kaɗai a ɗaki. Ana mutuwa ta wannan hanyar.

Awa 6 zuwa 24 bayan kofin ƙarshe, karkarwa ke farawa, da gumi, tashin zuciya da fargaba. Ka ce masa ya miƙa hannuwa biyu ya ware yatsu, za ka ga suna rawa, wani har harshensa. Riga ta jiƙe, bugun zuciya ya haura 100 a minti. Jijjiga takan zo tsakanin awa 6 da 48. Mafi haɗari shi ne ruɗewa mai karkarwa, awa 48 zuwa 96: mutum bai san inda yake ba, yana kakkaɓe ƙwarin da babu su daga jikin zanen gado, ga zazzaɓi, ga jini ya hau. Kashi 3 zuwa 5 cikin 100 na masu fama da ciwon dainawa ne ke kaiwa nan, kuma idan ba a kula da su a asibiti ba da yawa ba sa fita. Wanda ya taɓa jijjiga ko ruɗewa a dainawar baya, ko mai ciwon hanta ko zuciya, ko mai juna biyu, ko mai haɗa giya da ƙwayoyin barci, a gadon asibiti ya kamata ya daina.

Abu_Nazari:
Dakta, akwai inda maganarka ta ɗaure min kai. Idan a wata na biyu kotisol ba ya hawa sosai lokacin tashin hankali, ai kamata ya yi mutum ya fi kowa natsuwa. Ta yaya sinadarin damuwa zai dakushe kuma damuwar ta ƙaru?

Malamin_Jijiya:
Malam Abu_Nazari, sunan ne ya yaudare mu. Da muka ce masa sinadarin damuwa sai mutane suka ɗauka shi ne ke haifar da jin tsoro. Kotisol yana taimaka wa jiki ya ɗauki nauyin matsalar ne, sannan ya rufe ƙararrawar bayan ta wuce. Idan bai hau a kan lokaci ba, babu mai kashe ƙararrawa.

Na biyu, kuma nan ne gizo ke saƙar: ba a haifotalamus kaɗai ake yin CRH ba. Akwai shi a amigdala, cibiyar tsoro ta ƙwaƙwalwa. Yawan kotisol na dogon lokaci yana danne CRH na haifotalamus, amma yana ƙara na amigdala. Saboda haka wanda ya daɗe yana sha yana fitowa da abu biyu a lokaci guda, tsarin jini ya yi sanyi, cibiyar tsoro ta yi zafi. Gwajin jini yana ganin na farko ne kawai, shi kuwa mutumin na biyun yake ji. Wylie Vale da abokan aikinsa ne suka gano CRH a 1981 a cibiyar Salk ta Amurka, sannan George Koob, wanda ya zama shugaban cibiyar binciken giya ta gwamnatin Amurka a 2014, ya shafe shekaru yana nuna a jikin ɓeraye cewa CRH na amigdala yana tashi lokacin dainawa, kuma shi ke tura dabbar ta ƙara sha. Bayaninsa shi ne da farko ana sha don a ji daɗi, daga baya ana sha don a tsira daga rashin daɗi.

Ga kuma noradrinalin. Shi ne mai bugun zuciya da gumi da zabura. Karkarwar da Sista ta siffanta yawanci aikinsa ne, haɗe da gulutamet, sinadari mai ƙara gudun ƙwaƙwalwa, wanda ƙwaƙwalwa ta ƙara wa ƙarfi don ta iya aiki a ƙarƙashin giya. An cire giya, GABA ya yi rauni, gulutamet kuma ya ci gaba da aiki ba mai tare shi.

Abu_Nazari:
Na gamsu. Ke nan ba ƙarancin ƙarfin zuciya ba ne kawai idan mutum ya ce a wata na biyu yana jin kamar zai fashe.

Malamin_Jijiya:
Ko kusa. Abu ne da ake iya aunawa, kuma yana sauƙi da lokaci muddin ba a koma ruwa ba.

Ummu_Salma22:
To idan haka ne me zai hana duk wanda ya daina ya je a auna masa kotisol duk wata, ya ga ko yana samun sauƙi?

Ɗan_Lab:
Hajiya, ɓata kuɗi da jini ne kawai. Lamba ɗaya ta kotisol ba ta gaya maka komai game da wannan matsala. Jinin ƙarfe 8 na safe da na ƙarfe 4 na yamma na mutum ɗaya suna iya bambanta ninki biyu ko fiye. Tsoron allurar ma kaɗai yana ɗaga shi. Sannan kusan kashi 90 cikin 100 na kotisol ɗin jini a ɗaure yake da furotin, kuma hanta ce ke yin furotin ɗin. Mai ciwon hanta furotin ɗinsa ya ragu, sai jimillar ta fito ƙasa alhali wanda ke aiki bai ragu ba. Mace mai shan ƙwayar tazarar haihuwa mai istirojin kuma nata zai fito sama ba tare da wata cuta ba.

Gwaje-gwajen da ake yi na gaske uku ne, kuma don neman cutar Cushing, wato cutar yawan kotisol a jiki, ake yin su, ba don bin sawun mai daina giya ba. Akwai fitsarin awa 24: a zubar da na farkon safiya, a tara duk sauran har da na farkon washegari. Akwai miyau na tsakanin ƙarfe 11 da 12 na dare, ana tauna ɗan auduga a mayar cikin kwalba, dare biyu, ba ci ba goge baki ba sigari na rabin awa kafin nan, domin jinin dasashi yana ɓata sakamako. Mai aikin dare wannan gwajin ba nasa ba ne. Sai na deksametason, magani mai kama da kotisol da ke taka birkin tsarin: a sha miligiram 1 da ƙarfe 11 na dare, a ɗebi jini ƙarfe 8 na safe. Mai lafiya nasa zai sauka ƙasa da maikurogiram 1.8 a kowace desilita, wato nanomol 50 a lita.

Dakta_Homon:
Ɗan_Lab ya taɓo wani abu mai muhimmanci. Akwai masu shan giya da suke zuwa da siffar Cushing sak: fuska ta yi zagaye ta yi ja, kitse ya taru a ciki da bayan wuya, cinyoyi da damatsa sun rame har tashi daga kujera sai da dafa hannu, fata na saurin yin tabo, ga hawan jini ga sukari. Gwaje-gwajen ukun nan duk suna iya fitowa kamar mai cutar. Tun 1976 aka bayyana wannan a rubuce-rubucen likitoci, ana ce masa Cushing na ƙarya. Bambancinsa da na gaske, wanda Harvey Cushing ya siffanta a 1932, shi ne babu ƙari a fituwitari ko adrinal, kuma yana gushewa idan aka daina sha. Kuskuren da ake tafkawa shi ne a yi gwaji mutum yana kan sha, a tura shi hoton ƙwaƙwalwa, a ga ɗan ƙulli a fituwitari, wanda kusan mutum 1 cikin 10 masu lafiya suna da shi, a fara maganar tiyata. A jira ya yi aƙalla wata guda ba sha, sannan a maimaita. Lambobin kan gyaru kafin siffar jiki.

Mai_Magani:
Ƙari kan na Ɗan_Lab: magungunan farfaɗiya kabamazifin da fenitoyin, da maganin tarin fuka rifamfisin, suna sa hanta ta narkar da deksametason da sauri, gwajin ya fito kamar akwai cuta. Kuma kabamazifin na cikin abin da wasu likitoci ke bayarwa lokacin dainawa. A riƙa rubuta magungunan da mutum ke sha a takardar gwaji.

Baban_Khalil:
Ni tambayata kan magungunan da ake tallatawa a intanet da sunan masu rage kotisol. Ba za su taimaka wa irin waɗannan mutanen ba?

Mai_Magani:
Yallaɓai, ka duba abin da Malamin_Jijiya ya rubuta a sama. Bayan makonnin farko matsalar ba yawan kotisol a jini ba ce, to me za a rage? Kuma hantar da giya ta riga ta gajiyar ba wurin gwada haɗe-haɗen da ba a san abin da ke ciki ba ce.

Masu bincike ma da suka bi hanyar da ilimi sun sha wuya. An ƙera magungunan da ke toshe CRH, sun yi aiki sosai a ɓeraye, amma da aka gwada biyu daga cikinsu a jikin mutane a Amurka a 2015 da 2016 ba su rage kwaɗayin giya ba. Mifefiriston, wanda ke toshe mashigar kotisol, an gwada shi a cibiyar Scripps a kan mutum 56 na mako ɗaya, aka wallafa a 2015 cewa ya rage kwaɗayi da sha. Ƙaramin gwaji ne, maganin kuma yana zubar da ciki yana rage fotasiyom, ba abin da wani zai nema da kansa ba ne. Firazosin, tsohon maganin hawan jini mai rage aikin noradrinalin, sakamakonsa ya bambanta, ya fi nuna amfani ga waɗanda alamomin dainawa suka yi wa tsanani.

Abin da yake tabbatacce a hannu don hana komawa shan giya: naltirekson miligiram 50 sau ɗaya a rana, da akamfuroset miligiram 666 sau uku a rana. Naltirekson sai an duba hanta, kuma sai mutum ya yi kwana 7 zuwa 10 bai sha tiramadol ko kodin ko wani danginsu ba, in ba haka ba zai jefa shi cikin mummunan ciwon dainawa nan take. Akamfuroset ta ƙoda yake fita, saboda haka ƙoda ake dubawa. Duk biyun ba sa hana jijjiga, na bayan an tsallake kwanakin haɗari ne.

Malamin_Jijiya:
Naltirekson ma yana da alaƙa kai tsaye da tambayar farko. Jiki yana da nasa sinadaran kashe zafi, irin su endofin, kuma suna riƙe CRH na haifotalamus kada ya fita da yawa. Naltirekson yana toshe su, sai ACTH da kotisol su ɗan hau. Ga maganin da ke ɗaga kotisol kuma yana rage kwaɗayi. Wannan kaɗai ya isa ya nuna cewa "kotisol ya hau" ba kullum ne mugun labari ba.

Sista_Jinya:
A gefen gado kuwa ba kotisol muke bi ba. Akwai takardar awo da ake kira CIWA-Ar, abu 10 ake dubawa: tashin zuciya, karkarwa, gumi, fargaba, rashin natsuwa, ciwon kai, jin abu na bin fata, jin sauti, gane-gane, da sanin wuri da lokaci. Maki mafi yawa 67. Ƙasa da 8 mai sauƙi ne, daga 15 zuwa sama abu ya yi tsanani. Da makin ake ba da dayazifam, magani mai ƙarfafa aikin GABA, ko wani ɗan'uwansa, a rage a hankali cikin kwanaki. Tsoho ko mai ciwon hanta lorazifam ya fi masa, saboda ba ya taruwa a jiki kamar dayazifam. Inda ake kuskure shi ne a ba da magungunan hawan jini furofaranolol ko kilonidin kaɗai. Bugun zuciya zai sauka, karkarwa ta lafa, maki ya yi kyau a takarda, amma jijjiga tana nan tafe domin ba a taɓa GABA ba. Kuma duk mai gumi da karkarwa a soke yatsa a duba sukari tukuna. Giya tana hana hanta ƙera sabon sukari, mai sha da bai ci abinci ba sukarinsa na iya faɗuwa ƙasa da miligiram 70 a kowace desilita, alamomin kuma iri ɗaya ne. Tayamin kuma, wato bitamin B1, dole a ba da shi kafin ruwan gulukos.

Likita_Gaggawa:
Sista, gyara kaɗan kan jimlar ƙarshe. Tayamin wajibi ne, ba musu. Amma idan sukari ya faɗi ba a jinkirta gulukos don ana neman tayamin a kantin magani. Ƙwaƙwalwar da ba sukari tana lalacewa cikin mintoci. A ba da gulukos nan take, tayamin ya biyo tare ko da zarar an samu. Haɗarin yana ga wanda aka yi ta ɗura wa gulukos awanni ba tayamin. Kuma idan akwai ruɗewa, ko tangaɗi, ko ido na rawa ko ya ƙi juyawa, a ɗauka ciwon Wernicke ne, wato ciwon ƙwaƙwalwa na ƙarancin tayamin, ko da alama ɗaya ce, domin kaɗan ne ke zuwa da duka ukun. Wannan ba miligiram 100 na baki ba ne, ana kaiwa 500 ta jijiya sau uku a rana na kwana biyu zuwa uku. A duba maganiziyom ma, in ya yi ƙasa tayamin ba ya aiki sosai.

Sista_Jinya:
Na karɓi gyara, Dakta. Na gode.

Mai_Neman_Sani:
Allah ya saka da alheri. Amma an ɗan yi nisa da rabin tambayata. Wata nawa? Iyalin mai dainawa suna son a ba su lokaci su san abin da za su jira.

Dakta_Homon:
Abin da za a iya faɗa musu ke nan. Kwana 3 zuwa 5 na farko su ne na haɗari, kotisol da noradrinalin suna sama. Zuwa ƙarshen mako na farko karkarwa da gumi sun tafi ga yawancin mutane. Cikin wata na farko adadin kotisol da agogonsa suna gyaruwa, jini yana sauka, shi ya sa ba a gaggawar liƙa wa mutum sunan mai hawan jini a makon farko, kuma wanda yake kan maganin hawan jini a sake auna shi kada ya sauka da yawa. Dakushewar martani ita ce mai jan ƙafa. Ana samunta a wata ɗaya, ana samunta a wasu a wata biyu da uku, waɗanda suka daɗe da dainawa kuma yawanci nasu ya kusanci na kowa. Tsawon shekarun sha, yawan abin da ake sha, lafiyar hanta, da ko akwai ciwon damuwa tun asali, su ke sa wani ya riga wani. Ni dai shawarata a ɗauki wata ukun farko a matsayin lokacin jinya ko da mutum ya koma aiki yana dariya.

Malama_Halayya:
Ina goyon bayan wata ukun nan. Rajita Sinha ta Jami'ar Yale ta wallafa bincike a 2011 kan mutanen da suka yi kusan wata guda ba sha a asibiti. An auna ACTH da kotisol ɗinsu, an kunna musu labarin wata damuwa ta rayuwarsu don a ga yadda kwaɗayi zai tashi, sannan aka bi su kwana 90 bayan sallama. Waɗanda adrinal ɗinsu ke fitar da kotisol mai yawa a kan ACTH kaɗan ko suna zaune lafiya, da waɗanda damuwa ta fi tayar wa kwaɗayi, su ne suka fi saurin komawa ruwa.

Amfanin wannan ga iyali a fili yake. Makonnin nan ba lokacin zaunar da mutum a karanto masa laifukansa na shekara goma ba ne. Maganar za ta zo, amma ba yanzu ba. Kwaɗayi yana zuwa ne kamar guguwa, ya tashi ya yi ƙarfi ya lafa, yawanci cikin ƙasa da awa guda. Ana koya wa mutum ya san abin da ke kunna masa shi, yunwa, fushi, kaɗaici, gajiya, ya kuma tanadi abin yi tun kafin ya zo: wanda zai kira, inda zai fita ya taka, numfashi a hankali inda fitarwa ta fi shaƙa tsawo. Abin da yake damuna shi ne yadda ake sallamar mutum a kwana na bakwai a ce ya warke. An fitar da giya daga jini ne kawai.

Abu_Nazari:
Wani abu kuma. Ta yaya aka san giyar ce ta dakusar da tsarin? Wataƙila tun asali a dakushe yake, shi ya ja mutum ga sha.

Malamin_Jijiya:
Tambaya mai kyau, kuma duka biyun suna faruwa. Marc Schuckit a San Diego ya yi shekaru yana nazarin samarin da iyayensu maza ke da jarabar giya alhali su ba su kamu ba tukuna. Idan aka ba su giya daidai da ta sauran, ba sa jin maye sosai, kotisol ɗinsu ma bai kai na sauran hawa ba, kuma da aka bi su shekaru, masu ƙarancin jin mayen nan sun fi kamuwa. Wahalar ƙuruciya mai tsanani ita ma tana sauya tsarin tun kafin kofin farko. A ɗaya ɓangaren, ɓerayen da ba su da wani bambanci tun farko, idan aka saba musu da giya tsarinsu yana dakushewa. Ke nan ga wasu mutane komawa daidai yana nufin komawa inda suke kafin sha, wanda shi ma ba daidai da na kowa ba ne.

Ummu_Salma22:
Rashin barcin fa? Shi ne na ga kowa yana kuka da shi.

Malama_Halayya:
Shi ne mafi naci, Hajiya. Giya tana sa barci ya zo da wuri amma tana danne barcin mafarki a rabin dare na farko, ta watsa barcin a rabi na biyu. Da aka daina sai mafarki ya dawo da ƙarfi, wasu har suna mafarkin suna sha su farka a firgice. Kotisol ɗin da bai sauka da dare ba shi ma yana hana ido rufuwa. Wannan kan ɗauki watanni, kuma rashin barci mai tsanani na daga cikin abubuwan da ke hasashen komawa ruwa. Abin da ke aiki: tashi a lokaci ɗaya kullum ko da daren bai yi kyau ba, fita cikin hasken safiya, barin barcin rana mai tsawo, kuma idan minti 20 suka wuce ba barci a sauka daga gado sai an ji shi. Motsa jiki minti 150 a mako, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ke ba da shawara, yana taimaka wa barci da fargaba duka.

Mai_Magani:
Kuma kada a ci gaba da dayazifam don barci bayan kwanakin dainawa. Mashigar GABA ɗaya suke taɓawa da giya. Sai a yi gudun gara a faɗa zago.

Ɗan_Lab:
A ƙara da kafeyin da sigari. Dukansu suna ɗaga kotisol, nikotin ma yana tayar da ACTH kai tsaye, kuma mai dainawa yakan ninka su ba tare da ya lura ba. Rabin kafeyin yana nan a jini bayan kamar awa 5. Wanda ya sha da ƙarfe 6 na yamma, ƙarfe 11 rabinsa na aiki.

Baban_Khalil:
To wanda ya daina ya koma, ya daina ya koma, sau huɗu sau biyar, jikinsa ya saba da dainawar ke nan, ta zo masa da sauƙi?

Likita_Gaggawa:
Akasin haka ne, yallaɓai. Kowace dainawa tana barin ƙwaƙwalwa ta fi saurin kamawa, kamar itacen da ya taɓa cin wuta. Tun 1978 Ballenger da Post suka kawo wannan bayanin, kuma an ga cewa masu yawan dainawa a baya sun fi fuskantar jijjiga. Saboda haka wanda ya tsallake ukun farko a gida ba hujja ba ce cewa ta huɗu za ta wuce lafiya. A gaya wa likita sau nawa aka taɓa dainawa, ko an taɓa faɗuwa ana jijjiga, da awar kofin ƙarshe. Yawan sha ma a faɗi gaskiyarsa. Ma'aunin Hukumar Lafiya ta Duniya giram 10 na tsantsar barasa ne kofi ɗaya, hanta kuma kusan giram 7 take iya narkarwa a awa, saboda haka mai sha da yawa yana iya fara karkarwa tun giyar ba ta gama fita daga jininsa ba.

Mai_Neman_Sani:
Dakta_Homon, saura ɗaya. Idan an kai wata huɗu ko biyar ba sha, fargaba da baƙin ciki suna nan yadda suke, har yanzu a kan kotisol za a ɗora?

Dakta_Homon:
A'a. Baƙin cikin da giya ta jawo yakan ragu sosai cikin mako 3 zuwa 4. Wanda ya wuce wata guda bai motsa ba, ko ya riga shan farawa, a duba shi a matsayin ciwo mai zaman kansa, a kuma auna tayirod, yawan jini, hanta da sukari. Idan kuma akwai tunanin kashe kai, ba a jiran wata ɗaya ko mako ɗaya, ranar za a kai shi.

Malama_Halayya:
A tambayi munanan mafarkai da zabura kan wani abin tsoro da ya taɓa faruwa da shi ma. Da yawa ba sa faɗa sai an tambaye su kai tsaye, su kaɗai, ba a gaban iyali ba.